Daga Kotun Sarkin Gwandu Zuwa Ɗakin Jiran Shari'a: Abin da Ya Sa Talaka Ke Gudun Kai Ƙara

A shekarar 1947, zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, wata shari'a da ta taso daga kotun sarki ta girgiza Arewa baki ɗaya. Kotun ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa saboda ya kashe rai. A mazhabar Malikiyya da alƙalan ƙasar ke bi, wanda ya yi kisa da gangan ƙisasi ne a kansa, sai fa idan magadan mamacin sun yafe ko sun karɓi diyya. Ƙara ta yi ta hawa har ta isa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, wadda a lokacin ke kan kotunan Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Alƙalanta suka ce tunzura mutumin aka yi, kuma a kundin laifukan da Turawa suka kawo, wanda ya yi kisa cikin zafin tunzuri ba a kashe shi. Suka soke hukuncin.

Sarakuna da alƙalan Arewa sun ji zafin abin ƙwarai. A 1948 gwamnatin mulkin mallaka ta taɓa dokar kotunan gargajiya don ta kwantar da hankula, amma rigimar ba ta mutu ba, ta ci gaba da tashi a kotuna har gab da samun 'yancin kai. Har yau ɗaliban lauya a jami'o'in Nijeriya suna karanta wannan shari'a da sunan En'e ta Gwandu a jikinta. Abin da ta tono ya wuce batun mutum ɗaya. A tsarin da mutane suka sani, dangin wanda aka kashe suna da baki a hukunci, su nemi ƙisasi, su karɓi diyya, ko su yafe don Allah. A tsarin da ya zo daga Ingila, ƙara ta gwamnati ce, dangi kuwa shaidu ne in an buƙace su. Duk mai son ya fahimci yadda mutanen Gwandu da Kalgo ke kallon 'yan sanda da kotu da gidan yari a yau, daga nan ya kamata ya fara.

A ɗauki manomin shinkafa a fadamar Kalgo, wanda ya wayi gari an ɗauke masa injin ban ruwa ana tsakiyar noman rani. Yana da wanda yake zargi. Kafin ya nufi caji ofis sai ya zauna ya yi lissafi. Akwai kuɗin man motar da za ta je kamo wanda ake zargin, akwai kuɗin takarda, akwai kwanakin da zai bar gona yana jeka-ka-dawo, ita kuwa shinkafa ba ta jiran ranar da alƙali ya sa. Ko an gano injin, da zarar magana ta shiga kotu ya zama abin shaida, yana iya zama a ɗakin ajiya har kaka ta wuce. Ga kuma gabar da zai ƙulla da dangin yaron, mutanen da zai ci gaba da haɗuwa da su a sahun salla da kasuwa da wurin jana'iza. Sau da yawa lissafin yakan ƙare a zauren mai unguwa ko gaban uban ƙasa. Wani lokaci ma ba ya kai nan, sai dai a ji ya ce ya bar shi da Allah.

Wannan manomi ba shi kaɗai ba ne. A binciken jin ra'ayi da Afrobarometer ta yi a Nijeriya a 2022, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka tambaya sun ce akasarin 'yan sanda ko dukkansu suna da hannu a cin hanci. Wani binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2024 ya nuna cewa a cikin gidajen da 'yan fashi suka shiga, waɗanda suka kai rahoto wurin 'yan sanda ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Sauran sun haƙura, ko sun nemi wata hanya.

Mutanen ƙasar Gwandu suna da ma'aunin da suke auna kotu da shi, kuma ma'aunin tsoho ne. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi akwai karɓar toshiyar baki a wurin shari'a da cin dukiyar talakawa da sunan tara. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda aka damƙa wa yammacin daula kuma hubbarensa ke cikin garin Gwandu, ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano wajen 1806, lokacin da ya juya wa rundunar jihadi baya da niyyar tafiya Makka saboda ɓacin rai da yadda ya ga wasu sun fara karkata ga duniya. Mutanen Kano suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki da shari'a. Littafin ya yi bayanin sharuɗɗan shugaba da na alƙali da sauran masu riƙe da amanar jama'a, da yadda ake bin kadin wanda aka zalunta. Yaron da ya tashi a Gwandu yana jin sunan Malam Abdullahi tun kafin ya san harafi, saboda haka idan ya girma ya ga an sayi hukunci da kuɗi, yana da abin da yake kwatanta shi da shi.

Dattawa sukan yi begen kotun alƙali ta da, kuma suna da dalili. Alƙali yana kusa, da Hausa ake magana, mai ƙara shi ke faɗin bakinsa, sau da yawa a yanke hukunci a zama ɗaya ko biyu. Sai dai wannan bege yana tsallake wani ɓangare na tarihin. A shekarun 1950, kotunan En'e da 'yan doka da gidan yarin sarki sun zama makamin siyasa a Arewa. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri saboda taro ba izini ko zargin zagin sarauta, kuma lauya ba ya shiga kotun alƙali ya kare su. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama a wannan zamani. Saurin da ake yabo, shi ne kuma ya sa mutum kan kwana a ɗaure kafin danginsa su ji labari.

Tsoron da ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba suka nuna game da waɗannan kotuna ya sa gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga aikinsu aka samu kundin laifuka na Final Kod, wadda aka ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita ma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. Ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe bikin 'yancin kai. Bayan sojoji sun karɓi mulki, a ƙarshen shekarun 1960 aka rushe kotunan sarakuna, aka mayar da kotunan alƙalai ƙarƙashin gwamnatin jiha, Gwamnatin Tarayya kuma ta haɗiye 'yan doka da gidajen yarin En'e. An rage wa sarauta damar zalunci, amma talaka ya sami kansa gaban ɗan sandan da ke karɓar umarni daga Legas, wanda wataƙila ko yarensa ba ya ji.

Wannan ne ya sa guguwar shari'a ta 1999 ta yi ƙarfin da ta yi. Da Gwamna Ahmad Sani na Zamfara ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na shekarar, jama'a daga ko'ina a Arewa suka yi tururuwa zuwa wurin. Kebbi ta bi sahu a ƙarshen 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero, duk da damuwar da aka nuna a yankunan da Kiristoci ke da yawa kamar ƙasar Zuru. Jihohi goma sha biyu ne suka shiga. Imani ne ya fitar da mutane, babu shakka, amma tare da imanin akwai fata mai sauƙin fahimta, wato a daina jan shari'a, a daina sayen alƙali, mai kuɗi da talaka su tsaya a layi ɗaya.

A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangeɓe a Zamfara saboda satar saniya. A 2001 wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallame ta a Maris na 2002. Ba a daɗe ba mutane suka fara tambayar da har yau ake yi a majalisun hira: me ya sa haddi ke sauka a kan ɓarawon saniya, wanda ya wawure baitulmali kuwa shari'arsa na Abuja ana ta ɗagawa? Akwai kuma abin da sabon tsarin shari'ar bai taɓa ba. Ɗan sandan da ke kame da bincike shi ne dai na jiya, gidan yarin ma na jiya ne, duk kuwa na Tarayya.

A gidan yarin ne matsalar ta fi fitowa fili. Gidajen gyaran hali na Nijeriya suna ɗauke da fursunoni kimanin dubu tamanin, kuma kusan kashi biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba, masu jiran shari'a ne. Yadda abin ke faruwa yana da sauƙin bayani. A kama matashi da zargin fashi ko kisa. 'Yan sanda su kai shi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron irin wannan babban laifi. Majistare ya ba da umarnin a ajiye shi a gidan yari har ma'aikatar shari'a ta duba fayil ta ba da shawara. Daga nan fayil ya kama tafiya. Ɗan sandan da ya yi bincike a canja masa wurin aiki, shaidu su gaji da zuwa, wata rana babu motar da za ta kai fursuna kotu, wata rana lauya bai zo ba. Uwar da ke ƙauyen Gwandu ta sayar da akuya ta hau mota zuwa Birnin Kebbi, a ce mata an ɗage. Akwai waɗanda suka zauna jiran shari'a fiye da shekarun da za a ɗaure su da an same su da laifin.

Jinkirin bai tsaya kan talaka kaɗai ba. Rigimar sarautar Gwandu ita kanta, wadda ta fara da tuɓe Alhaji Mustapha Jokolo a 2005, ta bi Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara, Kotun Ƙoli ba ta rufe ta ba sai a 2025. Ba shari'ar laifi ba ce, amma mutanen masarautar sun kalle ta shekara ashirin, manyan lauyoyi a kowane ɓangare. Wanda ya ga haka, da wuya a gamsar da shi cewa ƙarar babur ɗinsa za ta ƙare kafin damina.

A takarda, an yi gyara mai yawa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Ta ce mace na iya tsayawa mutum beli. Ta ƙayyade umarnin ajiye wanda ake zargi zuwa kwana 14 a karon farko, ta taƙaita yawan ɗage ƙara, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin yi wa al'umma aiki maimakon ɗauri. Kebbi ta yi irin tata a zamanin Gwamna Atiku Bagudu. A 2017 aka yi dokar haramta azabtarwa. A 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, aka ba ta ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika. A 2023 aka gyara tsarin mulki yadda jihohi ma za su iya gina nasu gidajen su gudanar.

Waɗannan dokoki masu kyau ne, kuma waɗanda suka yi fafutukar samar da su sun cancanci yabo. Abin takaicin shi ne da Turanci aka rubuta su, a Abuja da manyan otal-otal aka yi tarurrukan bayaninsu, mutumin da aka yi su dominsa kuwa bai san da su ba. Har yanzu akwai magidancin da ake tsare wa ɗan'uwa har wanda ya gudu ya dawo, bai san an karya doka a kansa ba. Har yanzu akwai mai bin bashi da ke ganin caji ofis ne wurin karɓar kuɗinsa. An rubuta a bangon ofisoshin 'yan sanda cewa beli kyauta ne, amma dangi sukan zo da kuɗi a aljihu domin abin da suka saba gani ke nan.

Akwai kuma wani abu da masu neman gyara ba su cika son ji ba. Mutane da yawa a Kebbi ba sassauci suke nema ba, tsanani suke nema. Jihar da aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, aka kashe 'yan sa-kai da dama a yankin Sakaba a Maris na 2022, Lakurawa suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, ba wurin da maganar haƙƙin wanda ake zargi ke shiga kunne da sauƙi ba ce. Idan aka ba da belin wanda gari ya san shi da sata, abin da ake cewa shi ne an saki ɓarawo. Idan aka ji fursunoni sama da 3,000 suna jiran hukuncin kisa amma gwamnoni ba sa sa hannu, sai a ce gwamnati ba da gaske take ba. Lokacin da aka rushe rundunar SARS a Oktoban 2020 bayan zanga-zangar da ta fi ƙarfi a Kudu, gwamnonin Arewa sun fito sun ce su rundunar tana musu amfani, kuma matasa da yawa a Arewa cewa suka yi abin da ya dame su shi ne 'yan bindiga.

Wannan fushi na gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. Amma mutumin da ke cewa a kashe ɓarawo a yau, shi ne gobe zai tsaya ƙofar gidan yari yana rantsuwa ɗansa bai san komai ba, sharri aka yi masa. Duk biyun tushensu ɗaya: bai yarda cewa kotu za ta iya bambance mai laifi da marar laifi cikin lokacin da ya dace ba. Beli ba sallama ba ce, alkawari ne na dawowa kotu. Sai dai idan shari'ar ba ta taɓa kai ƙarshe ba, a idon gari beli da sallama duk ɗaya ne.

Inda wannan rashin yarda ke kai mutane shi ne ɗaukar doka a hannu. A yi ihun ɓarawo a kasuwa, kafin a tambayi abin da ya sata an gama da shi. 'Yan Arewa sun ɗanɗana ɗacin wannan a Maris na 2025, lokacin da aka tare mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin salla, aka kashe su aka ƙona bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Babu wanda ya saurare su. Duk wanda ya yi kukan Uromi, wajibi ne ya ƙi irinta idan ta taso a tashar motar garinsu, ko da kuwa wanda aka kama baƙo ne ba shi da kowa.

Sulhu, wanda mutane ke gudu zuwa gare shi, yana da albarka mai yawa. Ɓarnar shanu a gona, rikicin iyaka, faɗan matasa, ƙaramar sata tsakanin maƙwabta, duk waɗannan mai gari da ardo da liman sukan kashe su a yini ɗaya, a biya wanda aka yi wa ɓarna, a ci gaba da zama tare. Sababbin dokokin ma sun yarda da sasanci da biyan diyya a ƙananan laifuka, kuma da gwamnati za ta ba wannan aiki tsari da rajista, da kotuna sun sami sauƙi. Amma zaure yana da iyaka. Idan yarinya aka yi wa fyaɗe, kuma wanda ya yi ɗan wani ne a gari, "a rufa asiri" yakan zama an danne mai rauni ne. A nan iyaye suna buƙatar asibiti da ɗan sanda da alƙali waɗanda za su yi aikinsu ba tare da sun tozarta yarinyar ba.

A Nuwamban 2023, Ministan Harkokin Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara. Idan aka raba, kowane ɗaya bai kai naira dubu 150 ba. Mutanen nan alƙali ya riga ya ba su zaɓin biyan tara, rashin kuɗi ne kawai ya ajiye su, gwamnati na ciyar da su, iyalansu na yunwa a gida. Attajiran Kebbi da ƙungiyoyin addini sukan yi irin wannan taimako, musamman da azumi, babban jojin jiha ma yana da ikon zagaya gidajen yari na Birnin Kebbi da Argungu da Yauri da Zuru ya sallami waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Alheri ne, amma bayan wata kaɗan ɗakunan sukan sake cika, domin ƙofar shiga ba ta canja ba.

Ƙofar shigar ita ce kantar caji ofis, kuma dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta hau kan kowane ofishi a ƙasar har da na Gwandu da na Kalgo, ta tanadi abubuwa biyu a kanta. Na farko, kowane babban ofishin yanki ya kasance yana da ɗan sanda aƙalla ɗaya wanda lauya ne, mai lura da kiyaye haƙƙin waɗanda aka kama. Na biyu, majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kame, ya ga waɗanda ke tsare ido da ido, ya ba da beli inda ya dace, ya sa a kai sauran kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuma, Hukumar Ba da Agajin Lauya da aka kafa tun 1976 tana da ofishi a jihar, aikinta ke nan. Gidajen rediyon Kebbi da limaman Juma'a da ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo za su iya isar da waɗannan bayanai da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, har uwar da ɗanta ya kwana uku a tsare ta san ranar da majistare zai zo, ta je ta tsaya a ƙofa ta faɗi sunansa.